Hangum a Kumatun Jan Biri

Mutumin nan da ake ce wa Dakta bai taɓa riƙe allura ba, sai dai in shi za a tsira wa, nan ma sai an danne shi. Shekara ashirin da shida ya yi a asibiti yana tura gadon marasa lafiya daga ɗakin kwanciya zuwa ɗakin tiyata. In ya kai su, a rufe ƙofa a bar shi a waje, shi kuwa ya manna kunne. Abin da ya tsinta ta ramin makulli shi ne iliminsa, kuma a ganinsa ya ishi gari guda.

Da ya yi ritaya sai layinsu ya shiga uku. Ka yi atishawa ya ce huhu ne. Ka yi hamma ya ce jininka ya sauka. Matarsa ta taɓa yin tuntuɓe da bokiti, ya bi ta har kicin yana cewa ta rufe ido ta taɓa hancinta da yatsa.

Amma Allah sarki, akwai abin da ba ya faɗa wa kowa. Kullum da safe sai ya yi wanka, ya sa kaya, ya goge takalmi, ya zo bakin ƙofa, sannan ya tuna babu inda ake jiransa. Sai ya tsallaka shagon Tela da ke kallon gidansa, ya ja benci ya wuni. A nan ne ya ji cewa tsohon da ke kula da birai a gidan dabbobi gwiwoyinsa sun gaji, ana neman wanda zai gaje shi.

Dakta ya bugi cinya. "Aikin nan nawa ne."

Tela bai ko ɗaga ƙafa daga keke ba. "Kai da ko akuya ba ka taɓa kiwo ba?"

"Akuya dabba ce. Biri kuwa mutum ne da mai aski bai kai kansa ba. Hannu biyu, ido biyu a gaba, farce, haƙori talatin da biyu. In aka ɓoye wutsiya, wallahi zan kawo maka ɗaya ya zauna a keken nan, ba wanda zai lura an canza tela."

"Sai dai a lura ɗinki ya miƙe," in ji matar Dakta, tana shara a ƙofar gida.

"Haba maman yara, har da ke?" in ji Tela.

"Ku yi ta dariya," in ji Dakta. "Kwana uku kawai nake so. In zagaya, in tono cututtukan da suka shekara suna cin bayin Allah nan ba wanda ya gani, in warkar. Ranar za ku ga an kira ni an ce, Dakta, ga makullai. Kai kuma ɗinka min farar riga, mai aljihu uku."

Washegari ya isa gidan dabbobi tun ana wanke kejuna. Likitar wurin ta fito cikin takalmin roba, siririya, sa'ar 'yarsa ta biyu. Ta saurari tarihinsa har inda haƙurinta ya kai, sannan ta ce:

"Baba, gwaji ne na kwana uku. Tafiya ce ta kama ni, sai jibi zan dawo. In na tarar da su yadda na bar su, aiki naka ne. Abincin kowa yana rubuce a allo. Kada ka kalli babban namiji cikin ido. Kada ka shiga keji. In wani abu ya shige maka duhu, ga Baba Shiru nan."

"'Yata, ina tare da manyan likitoci tun kina rarrafe."

"Shi ya sa na maimaita, kada ka shiga keji."

Baba Shiru shi ne tsohon da za a gada. Shekara talatin yana tare da birai, maganar da ya yi cikinsu ba za ta cika kofi ba. Ya kalli Dakta daga hula har takalmi ya ce, "To."

Dakta ya goya hannu a baya ya fara zagaye kamar yadda ya ga manyan likitoci na yi. Kejin farko na bika ne, manyan biran nan masu dogon baki kamar na kare. Babbansu ya tashi ya juya masa baya. Dakta ya tsaya cak. Mazaunan birin babu gashi ko ɗaya, fata ce mai kauri, ta yi kanta kamar diddigen manomi. Ya duba na biyu, haka. Na uku, haka.

"Innalillahi! Tun yaushe waɗannan suke da gyambon kwanciya?"

Baba Shiru ya ce, "Ai wannan…"

"Kada ka ce komai, sakaci ne. In majinyaci ya daɗe wuri guda ba a juya shi, abin da ke fitowa ke nan. Da a asibiti ne nas ta bar mutum haka, da yau ta kwana a gidan ubanta. A kan siminti kuke zaunar da su?"

"To," in ji Baba Shiru.

Kafin rana ta take Dakta ya je gida ya dawo da filo shida a ka. Huɗu na gadonsu ne, biyu kuwa waɗanda matarsa ke ajiye wa baƙi, masu riga mai fure, ko shi ba a bari ya ɗora kai. Ya cusa su ta ƙofar zuba abinci ɗaya bayan ɗaya.

"Bismilla, ku zauna."

Babban bika ya ɗauki ɗaya ya sunsuna. Ya sa haƙori ya yage. Da ya ga farin abu ya fito sai ya yi kururuwa, sauran suka taso. Kafin ka ƙifta ido gidan dabbobi ya yi fari fat. Auduga a kan bishiya, auduga a kwanon zaki, wani kada ma ya ɗago daga ruwa da hular auduga a ka. Jimina ta samu rigar filo mai fure ta haɗiye rabi, Baba Shiru ya kama ɗaya rabin suna ja. Su kuwa masu gyambo, da suka gama, suka koma kan siminti suka zauna daram.

Da yamma matarsa ta tsaya a ƙofar ɗaki ta riƙe ƙugu. "Malam, ina filona?"

"Suna jinya."

"Su wa?"

"Ba a bayyana sirrin majinyaci."

Ta miƙa hannu ta ciro ɗan ƙullin auduga daga gemunsa, ta daɗe tana kallo. "Allah ya ba su lafiya. Kai kuma yau takalminka za ka matasa."

Rana ta biyu ya isa da wuya a sanƙare, amma bakin nan lafiya lau. Ya nufi dogon kejin nan mai bishiya a ciki, inda baƙaƙen birai suke, masu farin gashi a kafaɗa kamar sun yafa mayafi. Ɗaya ya sauko ya riƙe waya. Dakta ya gyara tabarau ya ƙirga. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya sake ƙirgawa. Babu babban yatsa, sai wani ɗan tsiro kamar ƙurji.

Ya juya a hankali. "Wa ya yanke?"

Baba Shiru ya ce, "Haka…"

"Haka ka same su, ko? Haka kowa ke cewa. Duka hannu biyu, kuma su duka? Wannan aikin mai wuƙa ne. Za mu zo kan wannan." Ya leƙa allo. "Me na gani? Ganye da safe, ganye da rana, ganye da yamma? Tumaki ne? To ayabar ina take tafiya?" Ya sauke ido a kan cikin tsohon, wanda ko cikin kirki ba shi da shi.

A nan Baba Shiru ya yi doguwar magana, wadda ya daɗe bai yi irinta ba. "Kada ka ba su. Cikinsu daban ne."

"Daban ne mana, tunda babu komai a ciki."

Ya jira tsohon ya tafi miƙe ƙafa a inuwa. Ya samo nunanniyar ayaba, ya jiƙa burodi a madara, ya zuba sukari har cokali ya tsaya da kansa. Birai suka sauko suka ɗanɗana, suka ji abin da ba su taɓa ji ba, suka kama ci hannu baka hannu ƙwarya. Da Baba Shiru ya hango, ya taso da gwiwoyin da aka ce sun gaji, ya fizge kwanon ya watsar da sauran a kwata. Amma wanda ya shiga ya riga ya shiga.

Can bayan la'asar Dakta ya zo ya tsaya daidai ƙarƙashin reshen da suka jeru, ya ɗaga kai yana murna.

"Dubi ciki! Jiya kamar faranti, yau kamar tulu. Ƙiba ta fara."

Sai aka ji wani ruri daga sama, irin na hadari in yana nesa. Baba Shiru ya ja da baya taku biyar. Dakta bai ja ba, ya ma ƙara ɗaga fuska don ya gano wane ne mai rurin. Ba sai an faɗi sauran ba. Birai biyar ne, kuma babu wanda ya yi rowa.

Yana bakin famfo yana dirzar kai ne ya hango kejin jan biri, dogayen nan masu ƙafa kamar ta barewa. An zuba musu gyaɗa da 'ya'yan itace. Da safe ya duba su, fuskokinsu sumul. Yanzu kuwa kowanne kumatunsa ya kumbura suntum, hagu da dama, har ƙarƙashin haɓa. Su bakwai.

Dakta ya manta da sabulun da ke idonsa. "Hangum! Wallahi hangum ne! Baba Shiru, annoba ta shigo gidan nan kana zaune!"

"Anjima zai saɓe."

"Mai zuwa ya koma? Ai shi ne mafi muni!"

Ranar tun daga bakin layi aka san ya dawo, ba da ido ba. Tela ya jawo kekensa ciki ya toshe hanci da ƙyalle.

"Dakta, mutuwa ka yi ba a gaya mana ba?"

"Ƙamshin aiki ne, jahili. Ku saurara, jama'a! Na gano hangum a jikin biri, abin da likitar da ta yi jami'a ta kasa gani. Gobe zan shiga da kaina in duba maƙogwaro, in ɗaure haɓa. Duk mai son ganin aiki ya zo."

Jin hangum sai mata suka fara janye 'ya'yansu cikin gida. Mai rake ya ɗauke tirensa ya koma ɗaya gefen titi. Matarsa ta ajiye masa bokiti da sabulun wanki a waje, ta rufe ƙofa, tana magana ta taga.

"Ba an ce kada ka shiga keji ba?"

"Wa ya gaya miki?"

"Kai. Ka faɗa sau uku kana dariya."

"Maman yara, yarinyar nan gobe za ta dawo. Filo ya lalace, baƙaƙen nan sun yi min butulci. In ba ta tarar na yi wani babban abu ba, me zan nuna mata?"

Ta san abin da ke cin sa, don ita ke ganinsa kullum a bakin ƙofa da gogaggen takalmi. "Ka nuna mata ka share keji ka ba da abinci. Shi ta ce."

"Shara? Ni?"

"To, Allah ya kai mu. Zan zo da mayafi babba."

"Na me?"

"Ban sani ba tukuna. Jikina ne ya ba ni."

Rana ta uku ta faɗo ranar hutu, gidan dabbobi ya cika maƙil, ga kuma mutanen layi sun zo har da masu goyo, sun tsaya nesa kaɗan saboda annoba. Dakta ya fito cikin farar riga, tana ƙamshin guga. Aljihun sama tocila da cokali, na hagu bandeji, na dama gyaɗa cike fal. Makullin kejin jan biri kuwa tun da safe ya zare shi daga ƙusa.

"Da farko a kwantar wa majinyaci da hankali," in ji shi, ya watsa gyaɗa ta waya.

Birai suka yi caa a kai, hannu na kaiwa baki kamar ana korarsu. Nan da nan kumatu suka tashi.

"Kun gani? A gaban idonku! Da safe babu, yanzu ga shi!"

Jama'a suka ce, "Ikon Allah!" Har Tela ya ɗan yi shiru. Wannan shirun ne ya ƙarasa Dakta. Ya buɗe ƙofa ya shiga.

Shida suka haye sama. Babban namijin bai motsa ba, yana zaune a kan kututture, gashin baki fari kamar na tsohon soja. Dakta ya durƙusa a gabansa.

"Likitan kirki cikin ido yake kallon majinyaci," ya gaya wa jama'a, ya zuba wa birin ido. "Sannan ya yi masa fara'a." Ya washe haƙoransa duka, har da na ƙarfen.

Baba Shiru, wanda ya iso yana ɗingishi, ya dafe kai.

Birin ya ɗaga gira. Ya gyaɗa kai sau biyu. Sannan ya wage baki, fiƙoƙi suka fito kamar ƙusoshi.

"Allahu akbar! Ya buɗe da kansa! Ko mutum sai an roƙe shi. Yawwa, ɗan albarka, ce aaa." Ya kunna tocila ya miƙa cokali.

Cokalin ne ya fara tashi sama. Tabarau ya bi shi. Kafin hula ta kai ƙasa birin yana bisa kafaɗarsa yana tuƙa shi da kunnuwa. Dakta ya zabura, aljihun dama ya yage, gyaɗa ta zube. Shidan da ke sama suka ga inda rumbun yake, suka sauko gaba ɗaya. Wani ya shige cikin rigar ta wuya ya fito ta hannu. Wata ta kama bakin bandeji ta haye bishiya da shi, ɗayan bakin yana naɗe a ƙafar Dakta.

Ya ruga ƙofa. Iska ta riga ta turo ta, sakata ta faɗa ta waje.

"A buɗe! A kira likita!"

"Ai kai ne!" in ji Tela.

Ya zagaya keji sau uku, birai na biye da shi a jere kamar 'yan rakiya. Da ya ga babu mafita sai ya kama waya zai hau. Ya hau kamu biyu ya maƙale, ba sama ba ƙasa.

"Dakta, saki wutsiya ka gyara tsayuwa!" in ji Tela. "Au, na manta, an ɓoye ta!"

Babban namijin ya zo ya tsaya a ƙasa, ya duba abin da ke reto a gabansa, ya miƙa hannu ya kama fundun wando ya ja. Ƙyaaat! Masu goyo suka juya baya, kafaɗunsu na rawa.

Daidai nan Likita ta ratso taron da jakarta a hannu. Ta kalli audugar da har yanzu ke kan bishiyoyi. Ta kalli baƙaƙen birai sun yi lamo a reshe. Ta kalli abin da ke manne a waya.

"Baba Shiru."

Tsohon ya zagaya baya, ya ƙwanƙwasa kwano sau biyu a ƙofar ɗakin ciki. Birai shida suka saki abin da suke riƙe da shi suka shige a jere. Babban ya koma kan kututturensa. Aka ɓanɓaro Dakta aka fito da shi, matarsa ta ɗaura masa mayafi a ƙugu.

Ko numfashi bai gama mayarwa ba ya ɗaga yatsa. "'Yata, gara da kika zo. Hangum ne. Dubi kumatu."

"Mu duba," in ji ta.

Kowa ya juya. Birin ya gyara zama. Ya sa bayan hannu ya tura kumatun dama, gyaɗa ta faɗo masa a baki, ya ciro, ya ɓare, ya ci. Ya sake turawa, wata ta fito. Ya koma hagu. Yana ci yana kallon Dakta, ba gaggawa, har fuskar ta koma sumul. Daga ƙarshe ya tura da ƙarfi, ya ciro ɗan maɓallin farar riga, ya juya shi, ya jefar.

Dariyar da aka yi sai da zaki ya amsa.

"Jaka ce, Baba," in ji Likita. "A daji ba a zama cin abinci a fili, akwai masu jira su ci ka. Sai ya cika jaka ya gudu inda ya aminta, ya ci a nutse."

"Gyambon fa?"

"Kujera ce. Da ita ya zo duniya, don ya kwana a zaune kan reshe bai ji zafi ba."

"Yatsun da aka yanke?"

"Ba wanda ya yanke. Mai tsalle daga reshe zuwa reshe ƙugiya yake so, babban yatsa sai ya tare masa hanya." Muryarta ta canza. "Amma cikinsu ɗaki-ɗaki ne kamar na saniya, ganye yake jiƙawa a hankali. Ka zuba masa sukari, ya yi tsami ya kumbura. Da Baba Shiru bai fizge kwanon nan ba, da yau gawa biyar zan tarar."

Nan dariya ta tsaya. Dakta ya kalli baƙaƙen biran, ƙaramar cikinsu ta rungume ciki da hannun nan mai yatsa huɗu. Ya sunkuyar da kai. Ba mugu ba ne, bawan Allah, kunnensa ne ƙofar fita kawai gare shi.

"To yanzu aikin…" in ji shi a hankali.

"Baba, kai mutumin asibiti ne, bari in faɗa maka da yarenku. An sallame ka."

Ya miƙa makulli. Baba Shiru ya karɓa ya ce, "To."

Suka kama hanya, matar a gaba, shi a baya da mayafi, mutanen layi na biye. Har bakin ƙofar fita kansa yana ƙasa, har ta fara jin tausayinsa. Suna taka titi sai ya yi gyaran murya.

"Ni fa tun farko na yi zargin jaka ce. So nake in gwada yarinyar, in ga ko ta…"

Matar ta tsaya. Ta zura hannu a yagaggen aljihunsa, ta kakkaɓo ragowar gyaɗar da ta maƙale a ɗinki, cikin tafi guda.

"Malam, ce aaa."

Ya buɗe baki zai ce me, ta ɗura masa.

"Biri ma Allah ya ba shi inda zai ajiye abu a baki ya yi shiru. Ajiye wannan a kumatu har mu isa gida."

Tela ya leƙo ta kafaɗarta, ya ga fuskar Dakta ta yi suntum hagu da dama, ya daka tsalle gefe yana kaɗa hannu.

"Jama'a, ku ba da hanya! Ya kamu!"